Yadda Ake Tantance Zanen Asid na Ƙarni na 19 da Adana Shi a Yanayin Kebbi

Duk wanda ya fara sha'awar tara tsofaffin zane-zanen da aka buga a kan takarda ba zai daɗe ba sai ya ci karo da hoton wata mace daga manyan gidajen Faris ko Landan, sanye da doguwar riga mai gashin dabba a wuya da faffaɗar hula mai gashin jimina, ko hoton wani dattijo mai sanda da doguwar hula, a tsaye cikin ƙasaita. Irin waɗannan hotuna sun cika kasuwar tsofaffin zane, domin a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 masu hannu da shuni na Turai da Amurka sun so su ga kansu da iyalinsu a kan takarda, mawallafa kuma sun lura cewa hoton kwalliya ba ya kwantai. Yawan nan nasu shi ne ke sa sabon mai tarawa saurin faɗawa hannun mayaudara, musamman mazaunin Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri, wanda kusan duk cinikinsa ta intanet zai yi shi, ba tare da ya riƙe takardar a hannunsa ba. Kyawun wadda aka zana yana ɗauke hankali, amma ba ya tabbatar da komai game da shekarun hoton ko darajarsa. Abubuwan da ke tabbatarwa su ne tawada, da takarda, da sawun da allon bugu ya bari, kuma dukkansu ana iya koyon karanta su.

Yadda ake yin sa da waɗanda suka yi shi

Ba za a iya tantance zanen asid ba sai an san yadda ake yin sa, domin kowace alamar da za a nema daga aikin ta samo asali. Mai zane yakan ɗauki allon jan ƙarfe mai santsi, ya ɗumama shi, ya shafe fuskarsa da haɗin kakin zuma da kwalta da ƙaro wanda asid ba ya ci, sannan sau da yawa ya baƙanta shi da hayaƙin kyandir don ya riƙa ganin abin da yake zanawa. Daga nan sai ya yi zane da allura, wadda kakin kawai take yayewa ba tare da ta shiga ƙarfen ba. Idan ya gama sai a tsoma allon cikin asid, asid ɗin ya ci ƙarfen a duk inda allura ta bi, ya bar inda kaki ya rufe. Layukan da ake so su fito sirara, irin na fatar fuska ko na leshi, ana rufe su da wuri, a mayar da allon cikin asid domin layukan baƙar riga su ƙara zurfi. Bayan an wanke kakin, mai bugu yakan cusa tawada mai kauri cikin ramukan, ya goge saman allon da yadi da tafin hannu, ya shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a kai, ya rufe da barguna, ya tura su tsakanin rola biyu masu tsananin matsi. Matsin ne ke tura takardar cikin ramukan ta tsamo tawadar. Saboda haka layin zanen asid na gaskiya yana ɗan tasowa a kan takarda, gefen allon kuma yana barin sawu mai kusurwa huɗu kewaye da hoton.

Akwai wata hanya da ake yawan haɗawa da wannan, wadda mai neman hotunan 'yan kwalliya dole ya san ta, wato zanen karce, inda ba a amfani da asid sam. Mai zane yakan karce jan ƙarfen kai tsaye da tsini mai ƙarfi, ƙarfen da tsinin ya ture kuma ya tsaya a gefen layin, kamar yadda garma ke tayar da kunya a gefen kwari. Wannan geza ta ƙarfe tana riƙe tawada da yawa, shi ya sa layin ke fitowa baƙi ƙirin, mai laushi, gefensa a ɗan baje, abin da ya dace ƙwarai da zanen suma da karammiski da gashin jimina. Aibinta shi ne rashin ƙarko, domin matsin injin yana kwantar da ita, har takan mutu kafin a yi bugu ashirin ko talatin. A 1857 aka ƙirƙiro a Faris hanyar lulluɓe allon da siririn rufin baƙin ƙarfe ta amfani da lantarki, wadda ta ba da damar yin bugu da yawa, amma duk da haka bugun farko-farko, lokacin da gezar take da ƙarfinta, shi masana ke nema. Takardu biyu da suka fito daga allo ɗaya suna iya bambanta a farashi nesa ba kusa ba saboda wannan dalili kaɗai.

Tun ƙarni na 16 ake zanen asid, mai zanen Holan Rembrandt kuma ya kai shi ƙololuwa a ƙarni na 17, amma bayan 1860 ne ya sake farfaɗowa. A 1862 Alfred Cadart ya kafa ƙungiyar masu zanen asid a Faris tare da mai bugu Auguste Delâtre, sannan a 1880 Francis Seymour Haden, likitan tiyata wanda ya yi suna a zane, ya kafa irinta a Landan. Mujallu irin su Gazette des Beaux-Arts, wadda ta fara fitowa a 1859, sun riƙa saka zanen asid na asali a cikin fitowarsu, kuma tun da an buga waɗannan da yawa, har yau su ne mafi araha. Shawarata ga sabon mai tarawa ita ce ya fara da ɗaya daga cikinsu, domin ido ba ya koyon gane layin asid daga fuskar waya, sai ya ga na gaskiya a ƙarƙashin gilashi.

A fagen hotunan manyan mutane, sunan da zai fi yawan ji shi ne James Tissot, haifaffen Nantes a 1836, wanda ya koma Landan a 1871 ya zauna har 1882. Fitattun zanensa na asid na 1877 da 1878 na Kathleen Newton ne, matar da ya zauna da ita har ta rasu da tarin fuka a 1882, kuma a cikinsu ana ganin yadda yake haɗa asid da karce don ya fito da nauyin baƙar rigar sanyi. Bayansa sai Paul César Helleu, wanda ya rayu daga 1859 zuwa 1927, wanda Tissot ne ya ba shi allura mai bakin daimon da ya riƙa karce fuskokin matan manyan gidaje da ita, da dogayen layuka masu sauri a kan manyan alluna. A nan akwai abin lura ga wanda ya ƙudura cewa na ƙarni na 19 kaɗai zai tara: ayyukan Helleu da yawa bayan 1900 aka yi su, don haka sunansa kaɗai bai isa ya sanya hoto cikin wancan ƙarni ba. James McNeill Whistler, Ba'amurken da ya zauna a Landan, ya karce hotunan iyalin attajirin jiragen ruwa Frederick Leyland a shekarun 1870, shi kuma Anders Zorn na Suwidin, wanda aka lissafa masa zanen asid 289, ya zana Isabella Stewart Gardner ta Boston a 1894 da irin karkatattun layukansa masu ƙarfi da ba a ruɗa su da na kowa.

Duba hoton

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, da ƙaramar tocila, da rula mai nuna milimita, da fitilar shuɗin haske irin wadda 'yan canji ke duba takardun kuɗi da ita. Wanda zai saya daga nesa kuwa dole idon dillali da kyamararsa su tsaya a madadin nasa, saboda haka ya nemi hoton takardar gaba ɗayanta a wajen firam har da gefunanta, da hoton bayanta, da wanda aka ɗauka an haska ta daga gefe, da wanda aka ɗaga ta zuwa haske, da na kusa-kusa a kan ido da gashi da mafi baƙin wuri na riga. Dillalin kirki ya saba da irin wannan buƙata. Wanda ya ƙi, ko ya ce ba za a iya buɗe firam ba, a bar masa kayansa.

A fara da sawun allo. A kwantar da takardar a kan tebur mai tsabta, a kashe fitilar ɗaki, a haska tocila daga gefe ta yadda hasken zai bi fuskar takardar a kwance. Sawun zai fito a matsayin ɗan gangare kewaye da hoton, kusurwoyinsa sau da yawa a ɗan zagaye, kuma idan an juya takardar za a gan shi ya turo ta baya. A cikin sawun takardar takan fi santsi saboda matsin ƙarfe, kuma a bugu da yawa akwai ɗan dishi-dishin tawadar da mai bugu bai goge duka ba, wanda yake tsayawa daidai bakin sawun. Wannan dishi-dishi shaida ne mai ƙarfi, domin masu jabu sukan buga hoto da injin zamani, daga baya su danna masa allon da babu komai a kansa don ya sami sawu, kuma irin wannan sawu yakan fito tas, babu tawada ko kaɗan a bakinsa. Rashin sawu kuma ba koyaushe yake nufin jabu ba, tun da akwai takardun da aka datse gefunansu, Whistler ma da kansa ya riƙa datse nasa daidai kan sawun daga shekarun 1880, yana barin ɗan kunne a ƙasa inda yake zana tambarinsa na malam-buɗe-littafi da fensir.

Daga nan sai layin kansa, kuma a nan ya kamata a daɗe. A ƙarƙashin gilashi layin asid yakan zama tawada zalla daga farkonsa har ƙarshensa, kaurinsa kusan ɗaya, bakinsa a dakushe, gefensa da ɗan tsattsage inda asid ya ci ƙarfe ba daidai ba, kuma a wurare masu duhu ana ganin tawadar ta yi tudu. Layin da aka sassaƙa da kurfi, irin na hotunan takardun kuɗi, ya bambanta: yakan fara siriri, ya kumbura a tsakiya, ya ƙare da tsini, a jere tsaf. Idan gilashi ya nuna ɗigo-ɗigo masu tsari a layi-layi, to kwafin injin buga littattafai ne, idan kuma ya nuna ƙananan ɗigo masu launuka daban-daban a warwatse, to firintar kwamfuta ce ta fitar da shi, komai tsufan da takardar ta nuna. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne kwafin kyamara da aka ci da asid a kan allon jan ƙarfe, hanyar da Karel Klíč ya kammala a 1879, wadda kamfanoni irin su Goupil na Faris suka sayar da hotunan kwalliya masu ɗimbin yawa da makamanciyarta. Shi ma yana da sawun allo na gaskiya, yana da tsufa na gaskiya, amma idan an duba da kyau layukansa sun narke cikin wani laushin tsaki-tsaki, gefensu ba kaifi, zurfinsu kusan ɗaya ko'ina. Ba laifi ba ne a mallake shi, muddin an san abin da aka saya kuma an biya kuɗinsa, wanda bai kai na aikin hannu ba ko kusa.

Rubutun da ke ƙasan hoto yana faɗin abubuwa da yawa ga wanda ya san gajerun kalmomin da masu bugu ke amfani da su. Sunan da pinx. ke biye da shi na wanda ya yi zanen fenti na asali ne, del. na wanda ya zana, sc. ko aq. f. na wanda ya yi aikin allon, imp. kuma na mai bugu. Sunan mai zanen asali yakan zo a hagu, na mai aikin allo a dama. Idan sunan hagu da na dama sun bambanta, to mai zanen asid ne ya kwaikwayi aikin wani da hannunsa, sana'ar da Charles Waltner da Paul Rajon da Léopold Flameng suka ƙware a kai. Wannan zanen asid ne na ƙarni na 19 babu shakka, wasu ma suna da kyau ƙwarai, amma farashinsa na mai kwaikwayon ne, ko da sunan fitaccen mai zanen fenti irin Gainsborough ko Reynolds ne a hagu. Haka nan hotunan barkwanci na manyan Ingila da mujallar Vanity Fair ta Landan ta riƙa fitarwa daga 1869, masu sa hannun Ape ko Spy, bugun dutse ne mai launi, wato wanda ake zanawa a kan shimfiɗaɗɗen dutse maimakon cin ƙarfe da asid, ba su da sawun allo, kuma kiran su zanen asid kuskure ne ko yaudara. Hotunan tallar tufafi da aka ciro daga mujallun mata, waɗanda aka yi musu launi da hannu, su ma nasu fagen daban ne.

Game da sa hannu, kada a yi tsammanin abin da zamanin bai saba da shi ba. Sa hannu da fensir a gefen takarda bai yaɗu ba sai wajen 1880, don haka zanen 1865 da ba shi da shi ba abin zargi ba ne. Rubuta lamba irin 12/50, wato bugu na 12 cikin 50, kuma al'ada ce da ta kankama a ƙarni na 20, saboda haka ganinta a kan abin da aka ce na shekarun 1860 ne dalili ne na yin tambaya. Sunan da ke cikin hoton kansa, wanda aka buga tare da shi, yana nuna wanda ya yi allon ne kawai, bai nuna lokacin da aka buga wannan takarda ba, domin alluna sukan daɗe bayan masu su, a ci gaba da bugu da su. Sashen bugu na gidan tarihin Louvre na Faris, wanda aka kafa a 1797, har yau yana buga tsofaffin alluna, yana kuma danna hatiminsa a takardar. Bugun baya yakan fito fari-fari, siraran layuka sun ɓace, baƙin wuri ya koma toka-toka, wani lokaci ma akan ga dogon layi ya ratsa hoton, alamar an soke allon kafin a buga. Tissot yana da jan hatimi na harufan sunansa da ake gani a bugunsa da yawa, kuma hatiman tsofaffin masu tarawa da ake samu a bayan takarda ana iya bincika su a kundin da Frits Lugt ya wallafa a 1921, wanda yanzu yake a intanet kyauta.

Kowane babban mai zane yana da kundin da masana suka lissafa ayyukansa a ciki, da girman kowane allo da matakan da ya bi yayin da mai shi ke ƙara layi ko gogewa. Na Zorn Karl Asplund ne ya tsara shi a 1920, na Tissot Michael Wentworth a 1978, na Whistler kuma Jami'ar Glasgow ta sanya shi a intanet. Dillalin da ya san aikinsa zai ba da lambar kundin da matakin. A auna sawun allo da rula, tsawo kafin faɗi, a gwada da abin da kundin ya ce. Bambancin milimita biyu ko uku ba komai ba ne, domin jiƙaƙƙiyar takarda tana ɗan tsukewa idan ta bushe, amma bambancin santimita guda yana nufin wani allo ne daban. Sannan a buɗe hoton irinsa a shafin Gidan Tarihin Birtaniya ko na Metropolitan da ke New York, a ƙara girmansa, a bi layi bayan layi a wuri guda, misali kunne ko yatsun safar hannu.

Takardar ma tana magana. Wanda ya taɓa ɗaga ganyen tsohon littafin hannu na gidajen malaman Gwandu zuwa haske ya san abin da za a nema, domin da yawa daga takardun da aka yi rubutu a kansu a ƙarni na 19 daga Italiya aka kawo su ta hamada, kuma a cikinsu ana ganin siraran layukan ragar da aka tace takardar da ita, da tambarin jinjirin wata uku. Masu zanen asid sun fi son irin wannan takarda ta tsumman auduga da lilin, kuma tambarin da aka fi gani a cikin tasu shi ne Van Gelder na Holan, da Arches na Faransa, da J Whatman na Ingila, wanda sau da yawa yake ɗauke da shekara. Shekarar tana nuna cewa ba a yi bugun kafin ta ba, amma ba ta hana a yi shi bayanta da daɗewa, Whistler ma ya shahara da farautar takardun ƙarnonin baya don ya yi bugu a kansu. Akwai kuma takardar Japan mai sheƙi da laushi da ake keɓe wa bugu na musamman. Idan aka haska fitilar 'yan canji a duhu takardar ta yi walƙiyar fari mai shuɗi-shuɗi, to tana da sinadarin ƙara haske da aka fara sa wa takarda a shekarun 1950, maganar ƙarni na 19 kuma ta ƙare.

Sai lafiyarta: jajayen ɗigo na tsufa, da duhun da kwali mai tsami ya bari kewaye da hoto, da yagewa, da sawun ruwa, da ko an manne ta a kan kwali da gam. Ƙananan ɗigo a gefe abin haƙuri ne, amma takardar da aka manne gaba ɗaya ko aka wanke da bilic har ta yi fari fat ta rasa babban rabo na darajarta.

Ciniki da kawowa

Gidajen gwanjo suna ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci fiye, a kan farashin da aka buga guduma, ga kuɗin aikawa da na kwastan da canjin naira, don haka a yi lissafin duka kafin a taya. Zanen da aka ciro daga mujalla ana iya samunsa ƙasa da dala ɗari, kyakkyawan bugun Tissot ko Helleu kuwa dubban daloli ne, kuma wanda aka tallata shi da araha mai ban mamaki yana da dalilinsa. A nemi rasit mai ɗauke da sunan mai zane, da shekara, da hanyar bugu, da lambar kundi, da sharaɗin mayarwa. A ce a aiko da takardar a kwance tsakanin alluna masu tauri, ba a naɗe ba, kuma ba tare da gilashi ba, domin tafiyar mota daga Legas ko Abuja zuwa Birnin Kebbi ta isa ta fasa shi ya yanka hoton. Idan kunshin ya iso a bar shi kwana ɗaya a ɗakin da za a ajiye shi kafin a buɗe, takardar ta saba da iskar wurin.

Adana shi a yanayinmu

Takardar da ta shekara fiye da ɗari a ƙasa mai sanyi tana iya lalacewa a damina ɗaya a nan, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin kuskuren saye asarar kuɗi ce ta mutum ɗaya, amma takardar da ta ruɓe ba a sake samunta. Masu adana takardu suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, fumfuna kuma tana fara tsirowa idan ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70. A Kebbi muna da iyakokin biyu a shekara ɗaya. A hunturu danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, takarda ta bushe ta nannaɗe ta yi saurin karyewa, a bazara zafi ya haura digiri 40, a markar Agusta kuma iska ta cika da laima, musamman a gidajen da ke bakin fadamar Argungu da Birnin Kebbi ko kusa da ruwan Yawuri. Abin da ya fi cutar da takarda shi ne sauyin gaggawa, saboda haka ɗakin da ake kunna na'urar sanyi a ɗauke wuta ta mutu sau da yawa a yini ya fi illa a kan ɗakin tsakiyar gida mai kaurin bango da silin, wanda zafinsa ke sauyawa sannu a hankali.

A sa kowane hoto cikin ninkakkiyar takarda marar tsami, shi kaɗai, a kwance. Kwalin kasuwa da jarida da ambulan mai ruwan ƙasa duk daga niƙaƙƙen itace aka yi su, tsaminsu kuma yana ratsawa ya ƙona abin da ya taɓa. Gidajen tarihi suna amfani da akwati na musamman mai buɗewa a shimfiɗe, amma adakar ƙarfe mai murfi da ke rufuwa sosai, wadda ba ta da tsatsa, tana iya wadatarwa idan aka shimfiɗa mata kwali marar tsami a ciki, aka ɗora ta a kan tebur mai ƙafafun ƙarfe, nesa da ƙasa da bangon waje saboda gara. A saka ƙaramar na'urar auna danshi a ciki. Da damina a ƙara ƙwayoyin silika masu tsotse laima a cikin ƙyalle, a gefe inda ba za su taɓa takarda ba, a riƙa busar da su idan launinsu ya sauya, da hunturu kuma a cire su. Kada a ƙulle hoto cikin leda a lokacin marka, domin laimar da aka ƙulle tare da shi ba ta da mafita. Kafur da maganin ƙwari na fesawa kada su kusanci takardar, tsabtar ɗaki da yawan dubawa su ne maganin kyankyaso da ɓera.

Akwai abubuwa uku da muka saba yi wa takardu masu muhimmanci waɗanda ke kashe zanen asid. Na farko liƙa masa leda da zafi kamar yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta, wanda ba a iya warware shi har abada. Na biyu ɗinke yagewa da salatif, wanda gam ɗinsa ke narkewa a zafinmu ya bar tabo mai ruwan ƙasa. Na uku shanya shi a rana idan ya ji laima. Hoton da ya nuna fumfuna a ware shi daga sauran, a bar shi ya bushe a inuwa inda iska ke wucewa, sannan a nemi shawarar masu gyaran takarda, irin waɗanda ke aiki da rubuce-rubucen hannu a cibiyoyi kamar Gidan Arewa na Kaduna. Ƙurar hunturu kuma ba a goge ta da ƙyalle, domin tana karce takarda. Burushi mai laushi ƙwarai ake bi da shi a gefuna, ba a taɓa layukan karce ko kaɗan. A ɗauki takarda da hannu biyu, wankakku busassu, babu mai babu turare.

Gidaje da yawa a ƙasar nan ba sa rataya hoton mai rai a bango, malamai kuma suna da bayani a kan hukuncin hoto da yanayin ajiye shi, kuma wannan tambaya ce da mutum zai kai wa malaminsa kafin ya fara tarawa. Ta fuskar adanawa dai, manyan gidajen tarihi su ma a akwati suke ajiye irin waɗannan takardu, a duhu, ba sa fito da su baje koli sai na 'yan watanni, a hasken da bai wuce ma'aunin luks 50 ba, domin ɓarnar haske taruwa take yi kuma ba ta gyaruwa. Mai sayen tarin hotuna a dunƙule kuma ya duba abin da ke ciki tukuna, tun da wasu masu zanen, Zorn musamman, suna da ayyukan tsiraici da ba kowa zai so su shigo gidansa ba.

Wanda ya zaɓi ya sa firam ya tsaya a kan mai yin firam ɗin har ya gama, domin yawancinsu da hotunan biki suka saba, waɗanda ake mannewa a katako a danna musu gilashi. Hoton yana buƙatar kwali marar tsami mai taga a gabansa don kada ya taɓa gilashi, da wani a bayansa, a rataye shi daga gefen sama kawai da ƙananan ɗamara biyu na takardar Japan da kokon sitacin alkama, ta yadda zai iya miƙewa da tsukewa yadda yanayi ya sauya. Tagar ta bar sawun allo da sa hannu a bayyane, kuma kada a yarda a datse gefen takardar don ta shiga firam. A rataye shi a bangon ciki wanda ba ya kallon taga, nesa da madafa da turaren wuta da hayaƙin maganin sauro, a sa ɗan toshe a bayan kusurwoyin ƙasa don iska ta riƙa ratsawa. Na firam da na adaka duka a duba su a farkon damina, da tsakiyar Agusta, da shigowar hunturu, a rubuta abin da aka gani da adadin da na'urar danshi ta nuna a littafin rajista, tare da rasit da ma'aunin sawun allo da hotunan da aka ɗauka ranar da takardar ta iso, domin da su za a gwada a gane ko wani ɗigo sabo ne ko da shi ta zo.